Ranar Da Aka Buɗe Akwatin Sarki Mashu

Shafi na 27

Masu cika min akwatin saƙo da "ina ci gaba, ina ci gaba" tun shekaranjiya, ga shi nan, ku bar ni in numfasa. Ku kuma 'yan ɓangaren Umitu da kuka yi ta rangaɗa guɗa don an ce ɗanta zai hau karaga, ku ɗan riƙe guɗar nan tukuna. Kakata da ta ba ni labarin nan, duk sanda ta iso wannan wurin sai ta tashi ta rufe tagar da ke kallon teku.

*

Hantsi ya dubi ludayi sanda maza suka gama ture dutsen da ya toshe bakin Kogon Sarakuna. Suka ja da baya da sauri suna kau da kai, don ɗa namiji ba ya leƙa ciki. Wanke ƙasusuwan mamaci aikin mata ne, ko a gidan masunci ko a fada. In ya shekara bakwai a akwati, matan gidansu su buɗe, su wanke shi gaɓa-gaɓa da giyar shinkafa, su jera shi a tulu, daga nan ya shiga sahun kakanni.

Yau ranar Sarki Mashu ce, mai wankin kuwa babbar 'yarsa, Umitu.

Ta waiga ta dubi rairayi. Kaf mutanen tsibirin Yunaki suna durƙushe, tun daga bakin ruwa har gindin dutse. A gaba ga ƙaninta, Sarki Taruga, bisa tabarmarsa. A bayansa kaɗan ga ɗanta Kanamui, shi kaɗai gare ta, saurayin da ko gemu bai gama rufe masa haɓa ba, sai gyara zama yake kamar tururuwa ta shiga masa riga.

Kalma ɗaya ta rage tsakaninsa da sarauta, kuma a bakinta take. Da zarar ta fito ta ce "sun yi fari", Taruga zai zare tsinken zinariya daga ƙullin gashinsa ya soka a na ɗanta. Shi da bakinsa ya faɗa a gaban fadawa: ya gaji da mulki, nasa ɗan kuma ya tura shi ƙasar Sin karatu, ba ranar dawowa. Ba zan ɓoye muku ba, tun daga ranar kan Umitu ya fasu. Har tafiyarta sai da ta canza.

"Ke, kallon ya isa haka. Ba guduwa zai yi ba."

Gwaggo Kamadu ce, ƙanwar marigayin, Uwar Kogo ta tsibirin nan tun Umitu na goye. Ta tsufa har ta ranƙwafa, amma bakin nan nata yana nan da kaifinsa.

"Haba Gwaggo, ai ko ke ce sai kin kalla."

"Ni na kalli abin da ya ishe ni a duniya. Ɗauki tulun giyar ki wuce gaba."

Matan gida suka rako su da baƙaƙen laimomi, waɗanda ake kare ƙasusuwa da su kada rana ta gan su. Da suka iso igiyar kara da aka gitta a bakin kogon, sai Gwaggo ta ɗaga sandarta. Duk suka tsaya cak.

"Ba za su shigo ba?" in ji Umitu. "Ranar da muka wanke surukata ai cika muka yi a kanta. Wata ta riƙe kai, wata ta..."

"Surukarki sarki ce?"

"A'a."

"To nan mutum biyu ke shiga, mai barin gado da mai karɓa. Yau farar rigar nan za ta bar jikina ta koma naki. Gara ki san nauyinta tun kafin ki sa."

*

Umitu ta shiga kabari ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ta san warinsa. Nan babu shi. Ƙarnin bakin teku ne ya cika wurin, irin na safiyar da ruwa ya janye ya bar ciyayinsa a yashi.

Tulunan sarakuna na jere a jikin bango. Na farko ɗan ƙarami ne, baƙi, na Amaku mai dafa gishiri wanda ya kafa daular. Na bayansa suna ta ƙara girma da ado, har zuwa na kakanta mai shuɗin zane da aka kawo daga Sin. A ƙarshen layi ga sabon tulu yana jiran ubanta. Akwatin kuwa na tsakiya, a ɗore kan duwatsu.

Can ƙuryar kogon, inda hasken fitilarsu bai kai ba, wani abu na shiga yana fita.

Haaa... shuuu... Haaa... shuuu...

Sai ka ce tsoho ne ke barci.

"Gwaggo, mene ne wancan?"

"Ruwa ne. Akwai matakala a can, ta gangara ƙasa. Ke dai yi abin da ya kawo ki."

Umitu ta durƙusa gaban akwatin. Duk ɗokin da ta shigo da shi sai ya kwanta, kewar ubanta ta taso mata. Ko gawarsa ba ta gani ba. Tana can ƙauyen mijinta aka aiko cewa zazzaɓi ya kayar da shi, kafin ta iso an riga an buga ƙusa.

"Baba," ta ce a hankali, "ni ce, Umitu. Na zo in yi maka wanka. Kada ka ji kunyata, ai kai ma ka yi min."

Ta kama murfin ta ɗaga. Bai yi mata gardama ba, ƙusoshin tsatsa ta gama cinye su.

Ta leƙa.

Ta jawo fitila ta sake leƙawa.

Duwatsun murjani ne a jere, daidai tsawon mutum. Sai yashi. Sai ruwa kwance a ƙasan akwatin, garau kamar yanzu aka zuba shi. Wata 'yar ƙaguwa ta fito daga ƙarƙashin dutse ta tsaya tana motsa ƙafafu.

Babu ƙashi ko na ɗan yatsa.

"Gwaggo..." Ta ja da baya. "Gwaggo, an sace Baba!"

"Rage murya, kar na waje su ji."

"Na ce an sace shi! Zo ki duba!"

"Me zan duba? Ni na jera duwatsun."

Umitu ta juyo a hankali ta dubi tsohuwar. Gwaggo ta samu dutse ta zauna, ta miƙe ƙafafu tana matsa gwiwa, kamar wadda ta zo hira gidan maƙwabta.

"Je ki buɗe na kakanki."

"Ba zan..."

"Buɗe, na ce."

Umitu ta je ta ɗaga murfin tulun mai shuɗin zane. Ruwa ne a ciki har wuya. Tana tsaye tana kallo, abin can na ƙurya ya ce haaa, sai ruwan tulun ya yi ƙasa. Ya ce shuuu, ruwan ya dawo. Kuma tulun ba shi da huda ko ta allura.

Tsikar jikinta ta tashi. Da ƙyar ta mayar da murfin bai suɓuce ba.

"Duk haka suke?"

"Duk, tun daga kan Amaku. Babu sarkin Yunaki ko ɗaya da ya taɓa kwana a kogon nan."

"To suna ina?"

Gwaggo ta ɗaga sanda ta nuna ƙurya.

*

"Me aka koya muku a kan Amaku?" ta tambaya.

"Abin da kowa ya sani mana. Ya zo a kwalekwale shi da ƙanwarsa, ya roƙi teku, ta ɗago masa ƙasa kyauta."

"Kyauta!" Gwaggo ta yi wata dariya mara daɗin ji. "Ke da girmanki. A ina kika taɓa ganin teku ta yi kyauta? Aro ne, 'yar nan. Nan duk tudun yashi ne, ko ciyawa ba ta fitowa. Ya ce yana son ƙasa mai ruwan daɗi. Ta ce ta ba shi. Ta haɗa masa da tsinken zinariya daga cikin wani jirgi da ta haɗiye. Sharaɗinta guda ne: duk ranar da ta nema, wanda tsinken ke kansa ya sauko mata da ƙafarsa."

"Ta yaya ake sanin ta nema?"

"Me kika sha yau da safe?"

Sai Umitu ta tuna. Tun farkon damina rijiyar fada ta fara ɗanɗanon gishiri. Daga nan ta kasuwa, daga nan ta unguwar masunta. Yanzu mata har kan dutse suke hawa da tuluna neman na sha. Ita kanta ta yi ta yi wa masu aikinta faɗa cewa ba su iya dafa shayi ba. Ashe ruwa ba ya tsami banza.

"Kuma sarki ba ya sauka shi kaɗai," Gwaggo ta ci gaba. "Uwar Kogo ke riƙe masa hannu. Ku bi matakala tare har ruwa ya kawo miki ƙirji, sannan ki saki."

"Ke kika..."

"Yayana ne tun kafin ya zama ubanki. Da wannan hannun." Ta ɗago shi, busasshe kamar itace. "Zazzaɓi? Ko ciwon kai bai yi ba. Muna sauka yana ba ni labarin wata akuya da muka ɓatar muna yara, aka zane mu tare. Yana ta labarin har ruwa ya shiga masa baki. Bai ƙarasa ba."

"Wayyo Baba!"

"Yi kukanki, amma a hankali. Washegari rijiyoyi suka yi daɗi. Kin sha, ɗanki ya sha, duk waɗancan na waje sun sha."

Umitu ta share fuska da bayan hannu. Wani zargi ya fara yi mata yawo a zuciya, tana ture shi yana dawowa.

"Amma Gwaggo, Baba bai daɗe da tafiya ba. Har ta sake nema?"

"Tambayi ƙaninki. Amaku sai da ya ga tattaɓa-kunnensa. Kakanki sai da haƙoransa suka zube. Ubanki ma sai da kansa ya yi fari fat. Sai ga Taruga, wai shi mai idon gani. Ya sa aka farfasa murjanin bakin gaɓa don manyan jiragen Sin su samu mashiga. Na ce masa haƙoran teku ne, kar ya taɓa. Ya ce tsufa ne ke damuna. To ga siliki ya cika kasuwa, ga rijiya ta cika gishiri."

"Ya sani?"

"Ranar da rijiyar fada ta juya na gaya masa. Haka al'ada ta ce."

"Me ya ce?"

"Amai ya fara yi. Da ya wanke baki sai ya tambaye ni, wai teku ta san fuska?"

"Ke kika ce me?"

"Na gaya masa gaskiya. Ba ta san fuska ba. Tsinke ta sani."



Haaa... shuuu...

Sai komai ya jeru wa Umitu. Jirgin da ya tafi da ɗan Taruga da gaggawa, ko bikin sallama ba a yi ba. Rigunan da aka dinga aiko wa Kanamui. Takobin da kawunsa ya ɗaura masa da hannunsa yana cewa "kai ne ɗana na gaskiya". Ita kuma tana gefe tana washe baki, tana raba wa mata tukwici. Da girmanta da wayonta ta manta banza ba ta kai zomo kasuwa.

"Ɗana zai ba ta," ta ce, muryarta kamar ba tata ba. "Zai soka wa ɗana tsinken, ni kuma in riƙe masa hannu."

"In rana ta karkata yau ruwa zai yi babbar janyewa. Matakalar za ta buɗe har ƙasa."

"Kika sani, kika yi shiru? Kina kallo ina rawar kai a gari?"

"Ni tsibiri aka ba ni amana, ba ɗan wani ba."

"Gwaggo, ɗana ne fa! Ke kika yanke masa cibiya!"

"Mashu ma ɗan wata ne."

Umitu ta miƙe tana haki.

"To ba zan ce sun yi fari ba. Zan ce sun ƙi wankuwa."

"Faɗi mana. Kin san hukuncin gidan da kakanni suka ƙi. A zuba ku a jirgi ba filafili a tura, ke da Taruga da Kanamui. Bayan ku kuma teku ta zo ta karɓi ƙasarta, da masunta da jariransu."

"Zan faɗi gaskiya. In ce babu kowa a ciki."

"Ki gaya wa mutanen da suka gaji durƙuso a bakin kogon nan cewa tulunan ruwa suke yi wa? Kafin ki rufe baki sun yayyaga ku da hannu." Gwaggo ta dafa sanda ta tashi. "Duk abin da kike tunani na riga ki, a nan inda kike tsaye. Zo ki kama min."

Suka kwashe duwatsun suka zuba a sabon tulu. Gwaggo ta tsiyaya giya a kai, ta tsiyaya a hannun Umitu don na waje su ji ƙamshin wanki. Sannan ta tuɓe farar rigarta ta yafa mata. Rigar a jiƙe take daga ƙirji zuwa ƙasa, ga sanyi kamar ƙanƙara, alhali da suka shigo a bushe take.

Umitu ba ta tambaya ba. Ta gaji da amsoshin Gwaggo.

*

Kafin mai wanki ta yi wa jama'a magana, sai sarki ya zo bakin igiya an zuba masa sauran giyar a hannu. Tsallake igiyar kuwa ba ya yi, don sarki mai rai ba ya shiga Kogon Sarakuna. Mata suka juya baya, suka haɗa laimominsu suka yi musu katanga.

Taruga ya taho, kansa naɗe da farin ƙyalle kamar na kowane namiji a ranar wanki. Ya rame. Sai yau ta lura.

"Yaya, kin daɗe a ciki. Tsohon ya wanku?"

"Miƙo hannunka."

Ya miƙo. Ta zuba masa giyar.

"Yaushe ka yi niyyar gaya min, Taru? Bayan na hawo daga matakala ni kaɗai?"

Ya runtse ido.

"Yaya, ki saurare ni."

"Ina jin ka. Ai na saba. Ranar da Inna ta rasu wa ya goya ka? Wa ya dinga tauna maka shinkafa yana sa maka a baki?"

"Ke ce."

"To da ka zo ka ce min Yaya ina jin tsoro, da..."

"Da kin yi me?" Ya buɗe ido, sun kaɗa sun yi ja. "Da kin rungume ni mun yi kuka, sannan ki kama hannuna ki kai ni. Na san ki sarai."

Ba ta musa ba, don gaskiya ya faɗa.

"Naka ɗan fa? Me ya hana ka soka masa?"

"Haba Yaya, yaro ne."

"Nawa tsoho ne?"

Ya sunkuyar da kai. Da ya sake magana, raɗa yake yi.

"Ba ki san abin da nake gani ba. Tun da rijiyar nan ta juya ban yi wanka ba. In aka kawo min shayi, ina jin ta a cikin kwanon tana numfashi. In na rufe ido sai in gan su a can ƙasa, a tsaye, a jere, gashinsu na lilo a ruwa. Baba ne a ƙarshe. Kusa da shi sun bar gurbi. Yaya, idanunsu a buɗe suke. Ba mutuwa suka yi ba, tsayuwa kawai suke yi."

Tausayinsa ya tsirga mata, ta ji haushin kanta da ya tsirga.

"Wa ya aike ka fasa murjani? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

"Don mutanen nan na yi! Kafin ni me suke ci in ban da kifi da gero?"

"To ka ƙarasa musu alherin. Ka sauka."

"Ba zan iya ba." Ya faɗe ta a fili, ba kunya. "Na gwada. Na je bakin ruwa ni kaɗai, ƙafata ta ƙi. Ki kira ni matsoraci, na amsa. Amma Kanamui zai samu tulun da ba a taɓa yi wa wani sarki ba. Zan sa a yi masa waƙa, zan..."

"Tulun ruwa."

"Yaya..."

"In ka sake ce min Yaya sai na tsinke ka da mari a gaban mutanenka."

Ya ja da baya. Ya goge hannu a jikin rigarsa, ya gyara tsayuwa, fuskar sarki ta dawo masa.

"Ki fita ki ce sun yi fari, Uwar Kogo. Babu wata ƙofa."

Ya koma tabarmarsa.

Umitu ta tsaya, jiƙaƙƙiyar rigar na manne mata a ƙafa. Gaba kura, baya sayaki. Sai wani tunani ya faɗo mata, mai sanyi kamar rigar. Yanzu ita ce Uwar Kogo. Abin da Uwar Kogo ta ce ta jiyo a ciki, ko sarki bai isa ya ƙaryata ba. In ta ce mamaci na kiran sarki, mutanen nan da hannunsu za su tura shi ya tsallake igiya. In ya shiga kuwa, matakala na nan, ita kuma tana da hannu.

Ƙaninta ne, tana son sa har cikin ranta. Kuma za ta kai shi.

"Ku ɗaga laimomin," ta ce.

*

Gangar da ake ta bugawa tun safe ta yi shiru. Babban bafade ya rarrafo gaba, goshinsa a yashi.

"Uwar Kogo, me kika gani? Sun yi fari?"

Ta hango Kanamui yana yi mata murmushi, har da ɗan ɗaga gira, wai ta yi sauri. Ta kau da ido.

"Ban wanke ba."

Rairayin ya ɗauki guna-guni. Wata tsohuwa ta fasa ihu.

"Ku saurara!" Muryarta ta fita da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba. "Sarki Mashu ya hana ni taɓa shi. Ya ce akwai maganar da ya tafi bai ƙarasa ba. Ya ce sarki ya shigo ya same shi, yanzu, da ƙafarsa."

Gwaggo ta damƙi hannunta ta baya, faratanta har cikin nama.

"Ke! Kin haukace? Ba a yi wa kogon nan ƙarya!"

Umitu ta fizge. Duk idanu sun koma kan Taruga. Tuni wasu dattawa suka fara gyaɗa kai, masunta na baya suna miƙewa. Ta zuba masa ido tana jiran ta ga ya firgice.

Bai motsa ba. Yashi kawai yake kallo.

A lokacin ne ta lura numfashin nan na ƙurya ya tsaya.

Ba shi kaɗai ba. Teku ma ta yi tsit, babu igiyar ruwa ko ɗaya da ke dukan gaɓa. Tsuntsayen da ke shawagi a kan dutse sun ɓace. Rana tsaka, ga jama'a cike da rairayi, amma da allura za ta faɗi sai an ji.

Wani sanyi ya taɓa mata dunduniya. Ta duba. Ruwa ne ke silalowa daga cikin kogon, ta ƙarƙashin igiya, yana zagaye ƙafafunta.

Sai aka yi gyaran murya a ciki.

Babu babba a Yunaki da bai san gyaran muryar nan ba. Ita Sarki Mashu ke yi kafin ya yanke hukunci a fada. Mutane suka zube rubda-ciki. Umitu ta firgita, don ita da hannunta ta kwashe abin da ke cikin akwatin nan, ta san duwatsu ne.

Muryar ta fito a hankali, a jiƙe, kamar mai magana da ruwa a baki.

"Ina sarki?"

Gwaggo Kamadu, wadda ba a taɓa ganin ta razana ba, ta saki sandarta ta faɗi.

Umitu ta juya ga ƙaninta.

"Tashi," ta ce. "Kai ake kira."

Taruga ya ɗago. Hawaye ne shaɓe-shaɓe a fuskarsa. Ya kai hannu ya fara warware farin ƙyallen kansa, zagaye bayan zagaye, har ya faɗi a yashi.

Ƙullin gashinsa babu komai.

"Ki yafe ni, Yaya," ya ce ƙasa-ƙasa. "Na san sai kin nemi ƙofa. Tun da asuba na soka masa. Na ce ya rufe, ya yi miki ba-zata."

"Ina sarki?" muryar ta sake tambaya. Ta matso kusa.

Kanamui ya ɗago kai. Ya kai hannu ya taɓa ƙyallensa, ƙyallen ya zame, zinariya ta ƙyalla a rana. Babu tsoro a fuskarsa, sai girmamawa. Kakansa ne, wanda ya sha ɗora shi a wuya. Kuma ita Umitu ce ta raine shi da bulala a kan abu guda: babba ba ya kiran ka sau uku.

"Kanamui!" Ta kwasa da gudu, rigar na harɗe ta. "Kar ka amsa! Kar ka..."

"Na'am, Kaka," ya ce, ya miƙe tsaye.